Hucin da Haliru Bai Ji Ba

A garejin da ke bayan tashar Gusau, wajen da ake lodin Tsafe da Funtuwa, an yi wani bakanike da ake kira Haliru Kunne. Ba girman kunnuwansa ne ya jawo masa sunan ba, ko da yake ta nan ma Allah bai rage shi da komai ba. Sunan na aiki ne. Mutumin Wonaka ne, ɗan manoma jikan manoma. Yana matashi ya biyo wata motar auduga zuwa Gusau, ya tarar ana kwance inji a gindin dalbejiya, ya tsaya kallo har motar da ta kawo shi ta koma babu shi. Ubansa ya yi ta aike a dawo da shi, da ya gaji ya sa masa albarka.

Abin da ya raba shi da sauran masu riƙe sifana shi ne ba ya fara taɓa mota. Direba zai zo yana zuba bayani, Haliru ya ce masa ya tayar da ita kawai. Sai ya ɗaga hannu ɗaya sama, kowa ya yi shiru, har mai sayar da rake na bakin gareji. Ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ce a taka totur, a saki, a sake takawa. Daga nan ya nuna wuri da yatsa ya ce a buɗe nan. In an buɗe kuwa, nan ɗin ne. Direbobin Gusau, mutanen da ko liman ne ya nuna musu gabas sai sun yi gardama, ba sa gardama da kunnen Haliru. Daga Magami, daga Tsafe, har daga Talatar Mafara ana janyo masa motar da ta gagari masu ita.

Ya auri Rabi, 'yar Bungudu, mace marar son hayaniya mai siririyar murya. Ƙanenta Shu'aibu a gabansu ya tashi, ya yi kwandasta, ya zama direba. Tsakaninsa da Haliru akwai wasan nan na miji da ƙanen mata. Shu'aibu kan ce yayarsa ta yi asarar aure, ta ɗauki mutumin da ya fi sauraron inji a kan mutane. Haliru ya ce ba don Rabi ba, ko amalanke ba zai yarda a ba Shu'aibu ya tura ba. Amma a bayan ido, in Shu'aibu yana ba da labarin Yaya Haliru a tasha, sai ka ɗauka shi ya ƙera mota tun farko.

A bazarar shekarar da aka yanke wa Zamfara jiharta, sanƙarau ya shigo gari ya yi ɓarna, unguwa-unguwa ana zaman makoki. Haliru na cikin waɗanda ya kayar. Ya kwanta a rumfar da aka kafa wa masu cutar, wuya a sanƙare, bai san wanda ke kansa ba. Da ya tashi kowa ya ce ya auna arziki, kuma haka ne. Sai da ya koma gida ya lura tsuntsayen da ke damun sa da surutu a bishiyar tsakar gida sun yi shiru. Ya ɗaga kai ya gan su cike da reshe, bakinsu na buɗewa yana rufewa. Ya juya ya ga Rabi tsaye da kwanon kunu, ita ma bakinta na motsi.

Bai zama kurma ɗungurungum ba, kuma da hakan aka yi da ya fi sauƙi, don da kowa ya sani an wuce wurin. Kunnen hagu ya mutu. Na dama ya rage yana ɗaukar abu mai kauri, kamar muryar namiji in yana kusa, da tsawa, da rurin inji a dunƙule. Duk wani sauti siriri kuwa ya tafi: fito, huci, ƙarar ƙaramin ƙarfe, muryar mata. 'Yarsa Nusaiba da aka haifa bayan ciwon, bai taɓa jin kukanta ba, sai dai ya ga fuskar ta yamutse. Wannan ya ci masa rai ƙwarai, amma abin da ya fi tsorata shi na waje ne. Waɗannan siraran sautukan su ne abincinsa, don ciwon inji da ƙaramar murya yake fara magana.

Rabi kaɗai ta sani, ya kuma haɗa ta da girman Allah kada ta gaya wa kowa, ko da uwarta ce. Kada ka yi saurin cewa girman kai ne. Bakaniken da aka sani da ƙarfin hannu, in ya kurmance, sai a ce Allah sarki a ci gaba da kawo masa aiki. Wanda aka sani da kunne fa? Ba shi da shago mai ƙofa, ba shi da injin awo. Gindin bishiya gare shi, da akwatin sifana, da wannan suna. Ya san tasha sarai: in direba ɗaya ya ji labari da hantsi, kafin azahar an ji a Funtuwa, kuma duk motar da ya taɓa gyarawa sai an tuno mata wani laifi.

Don haka ya koyi kallon baki. Ya koyi zaunar da mutum a damansa. In magana ta wuce shi sai ya ɗaga hannun nan nasa, a ɗauka wani abu yake saurare, mai maganar ma ya ba da haƙuri. Mutane suka ce ciwo ya sa masa miskilanci. A wajen aiki ya koma dogara da tafin hannu a jikin inji, da launin hayaƙi, da warin mai, da abin da shekaru suka tara masa a ka. Sau da yawa yakan dace. In bai dace ba ya ɗora wa gurɓataccen mai laifi, lokacin kuwa ana tsananin wahalar mai, 'yan bumburutu na haɗa gas da kananzir, ba mai ƙaryata shi. Haka ya lallaɓa har damina biyu.

Ana nan sai Shu'aibu ya yi mota. Bayan shekaru yana tuƙa ta mutane, ya sayar da gonar gadonsa ta bakin gulbi, ya sayo wata doguwar mota 'yar Kwatano mai shan gas, irin mai jerin kujeru uku. Abin da ya ɗauke masa hankali a kanta shi ne tana da tobo, lokacin kuwa irinsu ba su yi yawa a tasha ba. Tobo wani dunƙulen ƙarfe ne a gefen inji, mai siffar dodon koɗi. Hayaƙin da ke fita yana juya fanka a cikinsa, fankar ta tura iska da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa inji, injin ya sami numfashi ya ja fiye da girmansa. Haliru ya yi aikin irinsa a manyan motoci kafin ciwo. Ranar da aka kawo ta gareji a sa albarka, ya dafa ta ya ce wa Shu'aibu tobo da fito aka san shi, in ya ji tana fito a hanya kada ya damu. Gaskiya ya faɗa, Shu'aibu kuma ya riƙe maganar fiye da yadda ya kamata.

Motar ta yi tashenta na 'yan watanni. Fasinja har jiran layinta suke yi. Da damina ta kankama sai ta fara sanyi. A tsaye lafiya lau, a miƙaƙƙiyar hanya ba laifi, amma da an cika ta an zo hawa sai ta saki jiki. Shu'aibu ya take totur har ƙasa, ita kuwa tana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri, baƙin hayaƙi na tashi a bayanta. Wata rana bayan Kwatarkwashi wata tsohuwar motar itace ta wuce ta, mutanen saman itacen suna ɗaga musu hannu. Fasinja suka fara zamewa in layinsa ya zo, musamman masu wucewa Kucheri da yamma, don ba mai son motar da ba ta iya gudu a dajin da ake tare hanya. Alhaji Arzika, shugaban direbobin layin, ya kira Shu'aibu ya ce shi ba zai zuba rayukan mutane a motar da ba ta iya ceton kanta ba. Ya ɗaga masa ƙafa zuwa kasuwar Tsafe ta sama. In ba ta gyaru ba, za a cire ta daga layi.

Shu'aibu bai wani damu ba, ai yana da Yaya Haliru. Akwai kuma wani ladabi da ya koya tun yana kwandasta, wai ba a kai wa babban bakanike inji da datti. Duk ranar da zai kawo ta sai ya biya gulbi da sassafe, ya wanke injin tas da kananzir da omo, ya goge kowane tiyo har yana sheƙi. Haliru ya buɗe bonet ya tarar da inji kamar kwanon amarya, babu ɗigon baƙin mai ko ɗaya da zai nuna masa hanya. A lokacin bai ga aibin haka ba, har yaba masa ya yi.

Ya ce a tayar, ya ɗaga hannu, gareji ya yi tsit. Ya karkata kai yana sauraron abin da ba ya ji. Abin da ya sani da ido shi ne baƙin hayaƙi da rashin ja ba sa wuce abu biyu, ko mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Ya fara da mai sauƙi. Aka canza iyakilina, matatar iskar nan, aka zubar da gas ɗin tanki aka nemo na gidan mai, aka sa sabuwar filta. Shu'aibu ya je Tsafe ya dawo ya ce jiya i yau. Aka kwance famfon gas da nozul aka kai wa mai injin gwaji a Sabon Gari, ya ce lafiyarsu ƙalau. Aka yanke salansa ko ta toshe, aka tarar da ita fayau, aka mayar aka yi walda. Ya duba 'yar ƙofar da ke sakin hayaƙi in ƙarfin tobo ya yi yawa, ko ta maƙale a buɗe. Tana buɗewa tana rufewa yadda ya kamata. Ya sa yatsa ya juya fankar tobon, ya girgiza ta, ba ta wasa, ba ta gogar jiki. Babban tiyon da ke kai iska inji ma ya bi shi da hannu, ya matsa ya ji shi da ƙarfi, bakinsa a ɗaure tam.

Kasuwa ɗaya ta ci ta watse. Haliru ya rame a tsaye, tuwo ma sai ya tsakura ya ture. Direbobi suka fara tsayawa kallon abin da ba su taɓa gani ba, wai Kunne ne ke canza kaya yana lalube kamar kowane bakanike. Wani ya ce ko dai tobon Turawa ya fi ƙarfin mutumin Wonaka. Bai ji maganar ba, amma ya karanta ta a bakin mai ita, ya kuma ga dariyar. Abin da ya rage shi ne ya yanke wa tobon hukunci, Shu'aibu ya tafi Kano neman wani, alhali ba shi da wata gonar da zai sayar. Haliru kuwa ya san tobon nan lafiyarsa lau, yatsansa ya gaya masa. In ya ce a canza aka canza ba ta tashi ba, ya kashe ƙanen matarsa ya kashe kansa.

Sai ya ce zai bi ta hanya ya ji ta da kaya. Abin da ya kamata ya fara yi ke nan tun ranar farko, tsoro ne ya hana shi, don a cikin mota direba a hagunka yake, yana magana yana kallon gaba. Ran nan Shu'aibu zai kai wa uwarsu buhunan masara Bungudu, suka kwashi fasinja a bakin hanya. Haliru ya ƙi zama gaba, ya ce a tsakiya ya fi jin salansa. Kusa da shi wata Bafillatana ce mai suna Tambaya, mai tallan nono da ta saba bin motar Shu'aibu duk sanda ya bi hanyar Bungudu, ta rungume ƙoranta a cinya.

A hawan farko bayan gari Shu'aibu ya taka, motar ta saki jiki kamar kullum. Haliru ya cire takalmi ya dafa ƙasan mota da tafin ƙafa, ya rufe ido, ba abin da ya zo masa sai ruri. Da ya buɗe ido sai ya ga Tambaya ta saki ƙoran ta toshe kunnuwanta da yatsu, ta yamutsa fuska. Aka gama hawa Shu'aibu ya sassauta ƙafa, ta sauke hannu. A hawa na gaba ta sake. Ya daina kallon hanya ya koma satar kallonta, har matar ta tsargu ta gyara mayafi. Duk sanda aka taka, yatsu a kunne. Da an saki, ta sauke. Can ta faɗi wata magana, motar duka ta kwashe da dariya. Shi ma ya buɗe haƙora ya taya su, gumi na bin bayansa.

Da aka sauke masara a Bungudu, ya zagayo ya tsaya gaban Shu'aibu, ya tambaye shi a kaikaice abin da matar nan ta ce, wai hankalinsa na kan inji.

Shu'aibu ya yi dariya. "Cewa tay yi motata na huci kamar kububuwa, wai ba ta ƙara shiga. Nic ce mata fiton tobo na, ba ta san mota ba."

"Tun yaushe take yin shi?"

"Ai tun da tah fara sanyin ga. Da can fiton siriri na, daga baya yak koma hakanga. Ko a gareji in an taka da ƙarhi tana ɗan yi, kowa na ji. Na so in yi ma magana, nig ga ina ni ina gaya ma Yaya ƙarar mota. In da matsala ta, ai da kai ka fara hwaɗi."

Ka ji irin ta mutanenmu. Makonni mota na faɗin inda ke mata ciwo, gareji guda na ji, kowa ya kame baki don ladabi. Ko mai rake ya ji, ko mai faci ya ji. Mutum ɗaya ne bai ji ba, shi ne kuma kowa ke jira ya yi magana. Haliru ya jingina da mota. Yanzu ya san ciwon: iska ce ke tserewa tsakanin tobo da inji, kuma sai an taka da kaya take samun ƙarfin tsagawa. Ya kuma gane abin da wankin gulbi ya yi masa, don inda iska ke fita nan baƙin mai kan yi jirwaye, Shu'aibu kuwa kullum sai ya goge shaidar kafin ya zo. Amma a ina? Mai kunne zai nuna wurin cikin numfashi ɗaya. Magana ɗaya ta isa, ya ce wa Shu'aibu ya nuna masa ta inda hucin ke fitowa. Maimakon haka sai ya ce a tayar da mota su koma Gusau.

Washegari da safe yana shan koko, Rabi ta janyo kujera ta zauna daidai gabansa yadda zai ga bakinta. Ta ce ta riƙe masa amana, ita ke amsa masa sallama, ita ke taɓa shi in an kira salla, ba ta taɓa ƙosawa ba. Amma gonar da ubansu ya bari ce ta shiga motar nan, uwarsu kuma da motar take ci. In ranar kasuwa ta zo ba a gyara ba, ita da kanta za ta gaya wa Shu'aibu.

"Ba don in tona ka ba, Malam," ta ce. "Ƙanena na. Ba shi da komi bayan motag ga."

Bai ji haushinta ba, ya san gaskiya ta faɗa. Ya ajiye kwanon ya ce ta ba shi gobe kawai.

Ana gobe kasuwa ya sa Shu'aibu ya tuƙa su Tsafe, ya kuma hana shi biyawa gulbi. Suka ari buhunan dawa wajen wani ɗan kasuwa suka cika motar har ta zauna, suka fita wajen gari ta hanyar Kucheri inda akwai wani dogon hawa tsakanin gonakin gero. A nan Haliru ya kwance bonet ɗin gaba ɗaya ya jingine shi a gindin wata ɗorawa. Ya ɗaure igiya a ƙugunsa, ya zarga ɗaya bakin a ƙarfen taga, ya kwanta rub da ciki a kan madogad, ƙarfen da ke rufe tayar gaba, ta gefen direba inda tobon yake, ƙafa ɗaya a kan bamba. Shu'aibu ya yi magiya, ya ce in ya faɗi me zai gaya wa Rabi. A zatonsa maigidan yana so ne ya kai kunnensa kusa da inji. Haliru ya tsoma hannu a wani kwatamin ruwan sama, ya ce masa ya taka har ƙasa, kada ya ɗaga ƙafa sai ya ga ya ɗaga hannu.

Hawan farko bai sami komai ba, iskar hanya da ta fankar lagireto sun cika masa hannu, ya rasa wacce ce wacce. Suka juyo suka sake. A na biyu damtsensa ya taɓa ƙarfen da hayaƙi ke bi, fata ta ɗaye, ya ji ƙauri kafin ya ji zafi. Manoman da ke noma a gefe suka ajiye fartanya suka miƙe suna kallon ikon Allah. Shu'aibu ya ce a haƙura haka, Haliru ya sake jiƙa hannu ya hau. Ba jarumta ba ce, tsoro ne. Ya fi tsoron komawa gareji hannu wofi a kan faɗowa ƙarƙashin taya.

Da suka sake ɗaukar hawan, ya bar bin saman tiyo, ya cusa hannu ta ƙarƙashinsa, cikin lungun da ke tsakaninsa da jikin inji, inda ido ba ya kaiwa. Tiyon da yake matsawa a gareji ya ji shi da ƙarfi, yanzu ya kumbura a hannunsa. Ya ja yatsu kaɗan gaba, sai wata iska mai zafi ta tsaga masa jiƙaƙƙen tafin hannu. Ya laluba ya ji baki a buɗe, tsawon yatsa, yana tofar da mai. In inji ya huce bakin nan rufewa yake ruf, ko allura ba ta shiga.

Bai san wata tirela ta ɓullo daga saman hawan tana cin rabin hanyarsu ba. Ƙafarsa kuwa a waje take, ta ɓangaren da za ta bi. Mai tirela ya danna oda, Shu'aibu ya danna tasa, ya leƙo ta taga yana kwala masa kira, manoma suna ihu suna ɗaga hannu. Kunnen Haliru mai rai yana ƙasa cikin rurin inji, mataccen ne ke sama. Shu'aibu ya murɗe sitiyari ya faɗa gonar gero, motar ta yi tsalle ta mutu, igiyar ta riƙe Haliru ta buga shi da madogad. Tirelar ta wuce da iskarta.

Haliru ya sauko yana ɗingishi yana dariya, ya ɗaga tafin hannunsa baƙi ƙirin da mai, ya ce ya kama ta. Bai ko dubi Shu'aibu ba, ya koma ya sunkuya kan injin yana kwance tiyon. Shu'aibu ya fito ya tsaya a bayansa ta hagu. Inji a kashe yake, daji ya yi shiru. Ya tambaye shi ko bai ji odar ba. Ya sake tambaya. Ya kira shi Yaya, ya kira shi da sunansa, abin da bai taɓa yi ba. Haliru na ta juya sukudireba.

Aka lanƙwasa tiyon, bakin ya buɗe kowa ya gani. Haliru ya naɗe shi da robar tsohon tub na taya, ya ɗaure da waya, ya ce zai kai su Gusau a sa sabo. Manoma suka taya su tura motar ta hau kwalta. Wannan karon Haliru ya shiga gaba. Shu'aibu ya taka, motar ta ɗan yi jim, sannan ta zabura ta manna su da kujera, da buhunan dawa da komai, ta cinye hawan nan ba hayaƙi. Haliru ya ji ta a gadon bayansa, daɗi ya kama shi har ido ya kawo ruwa. Layin Shu'aibu ya tsira.

A saman hawan Shu'aibu ya gangara gefe ya kashe mota. Bai yi murna ba. Ya riƙe sitiyari yana kallon gaba, muƙamuƙinsa na motsi. Haliru ya ga magana yake yi, mai tsawo kuwa, amma ba ya ganin leɓɓan, kuma a nan ba abin da zai ɗaga wa hannu ya ce yana saurare. Ya jira ko za ta ƙare, ba ta ƙare ba. Sai ya taɓa gwiwar hannunsa.

"Juyo in ga bakinka," ya ce. "Ba ni jin ka."

Shu'aibu ya juyo. Ya tambaya tun yaushe, Haliru ya ce tun sanƙarau. Ya tambaya ko Rabi ta sani, ya gyaɗa kai.

Sai Haliru ya zauna jiran zagi, yana ma son a yi shi. Mutumin nan an yanke masa salansa mai lafiya, an kwance masa famfo mai lafiya, ya sha kunya a tasha, ya kusa rasa layi, yau kuma ya kusa ɗaukar gawar mijin yayarsa, duk a kan tsagar tiyo. In ya zage shi, to har yanzu shi bakanike ne da ya yi kuskure, bakanike kuwa yakan yi kuskure gobe a kawo masa wata motar.

Shu'aibu ya matso da fuskarsa kusa, idonsa cike da ƙwalla. Ya ɗaga murya, ya rarraba kalmomin ɗaya-ɗaya yana buɗe baki sosai.

"Sannu, Yaya. Allah shi ba ka lahiya."

Haliru ya ce amin. Suka juya suka koma gindin ɗorawar nan ɗaukar bonet. Da ya sunkuya zai kama gefe ɗaya, Shu'aibu ya dafa kafaɗarsa a hankali ya nuna masa inuwa, ya yafito wani manomi ya zo ya kama masa. Haliru ya je ya zauna a kan saiwa, ya rungume ƙonannen damtsensa, yana kallon su suna ɗaura bonet ɗin a karkace.